Rana da Miyar Kuka: Kiyaye Ƙashin Iyayenmu Mata

'Yan'uwa manoma, a ƙauyukanmu na kewayen Dutse, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu, sau da yawa mukan ga tsohuwa ta ranƙwafa tana dogara sanda, ko kuwa ta ɗan zame a bakin rijiya sai ga karaya a kwatangwalo. Mukan ce tsufa ne. Akwai tsufa, amma akwai kuma abin da za mu iya gyarawa.

Ƙashi rumbu ne na wani sinadari da ake kira kalsiyam. Kullum jiki yana ɗiba yana mayarwa. Idan abinci bai kawo isasshe ba, sai a yi ta ɗiba ba mayarwa, har ƙashi ya zama holoƙo. Wannan ya fi tsanani ga mace bayan ta daina ganin al'ada. Masana a Amurka sun ce macen da ta haura shekara 50 tana bukatar miligiram 1,200 kowace rana, alhali kofi ɗaya na madara kimanin 300 ne ke cikinsa.

To, amma ci kaɗai bai isa ba, sai hanji ya tsotse shi zuwa jini. A nan ne aikin bitamin D yake. In babu shi, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 kawai hanji ke tsotsa. In akwai shi sosai, yakan kai kashi 30 zuwa 40. Kowane manomi ya san abin da ke faruwa da takin da aka zuba a gona ruwa bai sauka ba.

Ina ake samun bitamin D? Fatar jiki ce ke yinsa idan rana ta taɓa ta, sa'an nan hanta da ƙoda su gyara shi ya shiga aiki. Rana ba ta yi mana ƙaranci a Jigawa, sai dai fatar tsohuwa ba ta yinsa kamar ta budurwa, ga shi kuwa idan ƙafa ta fara ciwo sai a bar Kaka a ɗaki wuni guda. Mu fito da ita tsakar gida da hantsi, ta sha rana kamar rabin sa'a, hannuwa da ƙwauri a buɗe. Ranar da ta ratso gilashin taga ba ta yin wannan aiki. Gwaiduwar ƙwai, hanta da kifin gwangwani su ma suna ƙarawa.

Akwai darasi daga Jos. Likitoci a can sun bincika yara masu gwamen ƙafa, suka bayyana sakamakon a 1999. Sun tarar abincin yaran ne ba shi da isasshen kalsiyam, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa bisa waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Yara ne aka bincika, amma a gidajenmu tukunya ɗaya jika da kaka ke ci. Tuwon dawa da gero suna cika ciki, kalsiyam ɗinsu kuwa kaɗan ne. Saboda haka rana da tukunya tilas su tafi tare.

Ga abin da kowace ƙungiya za ta iya yi bana:

1. A shanya ganyen kuka da zogale a inuwa, a adana isasshe har bazara.
2. Kafin a kai riɗi kasuwar Shuwarin ko Maigatari, a ware 'yan tiyoyi domin gida.
3. A sayi ƙananan busassun kifi irin na Haɗejiya, a daka su har da ƙayarsu a zuba a miya.
4. Nono da kindirmo kada su ƙare a kan yara da mai gida. A ajiye wa tsohuwa nata.
5. A riƙa jiƙa gero ya yi tsami kamar na koko, gama hakan yana rage abin da ke tare kalsiyam a hanji.

Kanwa ba kalsiyam ba ce, kada a ƙara ta da wannan nufi. Kada kuma a sayi ƙwayar bitamin D a kasuwa a yi ta sha, gama idan ta yi yawa tana ɓata ƙoda. Tsohuwar da ke fama da ciwon baya, ko tsawonta yana raguwa, ko ta taɓa karyewa daga ƙaramar faɗuwa, a kai ta asibiti a duba ta. A taronku na gaba, ku lissafta tsofaffin matan da ke gidajen 'yan ƙungiya, ku san wa ke kula da kowacce.