Shafi Goma Sha Huɗu na Lloyd Bitzer

A wannan zamani da jami'o'i suka ɗauki ɗabi'ar auna darajar malami da adadin maƙalolin da ya wallafa da yawan marubutan da suka ambace su, ya dace mai nazari ya ɗan dakata a kan al'amarin Lloyd Bitzer, malamin balaga na ƙasar Amurka, wanda aka haifa a 1931, ya karantar a Jami'ar Wisconsin fiye da shekara talatin, ya rasu a 2016, alhali bai bar tarin littattafai ba. Ya yi tahƙiƙin littafin George Campbell na falsafar balaga, ya yi rubutu kan yadda Aristo yake kafa hujja, amma shuhurarsa ta rataya ne kan maƙala guda mai shafi goma sha huɗu, wadda ta buɗe fitowar farko ta mujallar Philosophy and Rhetoric a 1968.

Da'awarsa ita ce hali ne ke kiran magana, kamar yadda tambaya ke kiran jawabi. Kuma rukunan wannan hali uku ne: lalurar da ke bukatar gyara, da masu sauraro waɗanda ke da ikon gyara ta, da abubuwan da ke taƙaita mai magana, na aƙida ko al'ada ko hujja. Duk ɗalibin da ya zauna gaban malami a zaure ya karanci Jauharul Maknun ko Uƙudul Juman zai yi murmushi a nan, domin tun ƙarnuka da suka shuɗe malamanmu irin su Ƙazwini suka ta'allaƙa balaga da dacewar zance da muƙtalar hali. Sai dai a yi adalci: su hankalinsu yana kan ginin jumla, shi kuwa yana kan huɗubar shugabanni da muhawarar jama'a.

Abin mamaki, wanda ya fi kowa raya wannan maƙala shi ne wanda ya tashi rushe ta. A 1973 Richard Vatz ya yi mata raddi a cikin mujallar nan dai, yana cewa mai magana ne ke zaɓen abin da zai ba muhimmanci, saboda haka harshe ne ke ƙaga hali. A 1974 Scott Consigny ya shiga tsakani domin sulhu. Tun daga nan matanin ya samu sharhi, sharhin ya samu hashiya, har ambatonsa ya kai dubbai, ana karantar da Bitzer da Vatz tare kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai.

To, ina matsayin mai irin wannan tasiri a mizanin zamani? Ma'aunin da Jorge Hirsch ya fitar a 2005 yana duba maƙaloli nawa ne na malami suka samu ambato gwargwadon adadinsu, ta yadda mai maƙala ashirin da aka ambaci kowacce sau ashirin zai samu daraja ashirin, ita kuwa maƙalar 1968, duk da dubbanta, ɗaya tak za a lissafa ta. Kuma na'urar ƙidaya ba ta rarrabe mai kafa hujja da zance da mai ƙaryata shi, balle wanda ya jefa sunan a gindin shafi don tabarruki bai taɓa buɗe maƙalar ba. Raddin Vatz da yabon almajiran Bitzer duk lamba guda aka ba kowannensu.