Awon Nauyin Ɓeran Masar Idan Ya Fara Tsufa

Ɓeran Masar yakan rayu shekara 5 zuwa 7 idan yana samun kulawa, kuma da zarar ya haura shekara 4 ana sa shi cikin tsofaffi. Baligin namiji yakan kai giram 900 zuwa 1,200, mace kuwa 700 zuwa 900. A jikin da duka-duka kilo ɗaya ne, asarar giram 100 daidai take da mutum mai kilo 70 ya zubar da kilo 7. Amma sau da yawa sai dabbar ta yi wannan asara, har ta ninka, mai ita bai ankara ba.

Abin da ke jawo haka shi ne awo da ido. Ɓeran Masar na da gashi mai kauri da ciki zagayayye, ko ya rame daga nesa sai a gan shi ɓul-ɓul. Ga shi dabba ce da ake farauta a daji, ɗabi'arta ce ta ɓoye ciwo har sai ƙarfi ya ƙare. Mai kiwo zai watsa ciyawa, ya ga ɓeran ya taho da gudu, ya juya ya tafi abinsa. Da ya tsaya minti biyu, da ya ga ɓeran ya ɗauki ganye yana juya shi a baki, ya yar, ya sake ɗauka, haɓarsa jiƙe da yawu. Inda aka haɗa uku ko huɗu a keji ɗaya abin ya fi muni: kwano zai wayi gari fayau, alhali matasan ne suka cinye. Ranar da aka ɗaga tsohon aka ji ƙashin baya da na ƙugu suna sukar hannu, sai a ce "ai tsufa ne." Wannan magana ta kashe ɓeraye da dama. Gaskiya ne tsufa na rage tsoka, amma a hankali cikin watanni. Ramar mako ɗaya ko biyu ciwo ne, kuma sakaci ne a ɗora wa shekaru.

Maganin wannan sakaci bai wuce ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram ba. A ɗora roba mai zurfi, a mayar da sikelin sifili, a sa ɓeran a ciki. A riƙa yi sau ɗaya a mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya, kafin a ba shi ganyen safe, a kuma rubuta a littafi da kwanan wata. Awon da ba a rubuta ba aikin banza ne. Hawa da saukar giram 20 zuwa 30 ba komai, cikar ciki ce da ta mafitsara. Idan ya sauka da giram 50, a koma awo kullum. Idan raguwar ta kai giram 100, ko kuma mako uku a jere yana raguwa ko da kaɗan-kaɗan ne, sai likitan dabbobi.

Haƙori ne kan gaba cikin dalilan rama. Haƙoransa 20 ne, dukkansu suna tsiro har mutuwa, taunar ciyawa ce ke goge su. Wanda aka saba wa dusa da sauran tuwo, haƙoran tauna na ciki sukan yi tsawo har su danne masa harshe. Ba a ganinsu da leƙen baki, sai da kayan aikin likita. Na biyu ƙarancin bitamin C, domin kamar ɗan Adam, jikinsa ba ya haɗa shi. Yana buƙatar miligiram 10 zuwa 30 a rana, kuma yankan tattasai marar yaji ko ɗan gwaiba na taimakawa. Akwai kuma tsakuwar mafitsara, ciwon ƙoda, ciwon gaɓoɓi da ke hana shi isa kwano, da ƙullutun ruwa a ƙwan haihuwar tsofaffin mata. Asalinsa daga tsaunukan Andis na Kudancin Amurka ne, don haka zafin bazara kaɗai kan hana shi ci. Kejinsa na son inuwa da iska.

Kada a kuskura a ruga kemis a sayo masa maganin mutane. Dangin fenisilin, irin su amoksisilin da amfisilin, suna kashe ƙwayoyin da ke narka masa abinci a hanji, ya kamu da zawo ya mutu cikin kwanaki. Haka kuma kada a jira gobe idan ya daina ci ko kashinsa ya ƙanƙance ya ragu, domin hanjinsa ba ya jure zama babu abinci, awa 12 ma ta yi yawa. Kafin a isa wurin likita, a jiƙa abincinsa na kanti ya yi laushi, a ba shi kaɗan-kaɗan da sirinji marar allura ta gefen baki, a ware masa kwanonsa daban, a kuma tafi da littafin awon.