Bashi Ma Shigowa Yake Yi

Sau uku ke nan a watan nan ana turo min hoton nan a WhatsApp: tutar Najeriya a hagu, ta China a dama, ƙarƙashin kowace an liƙa lamba. Wai dala na kwararowa Najeriya, a China kuwa ficewa take yi, don haka mun fara shan gabansu. Ran Talata da dare a wajen mai shayi a Tunga, wani malamin makaranta har da dukan tebur yana karanto mana. Abin ya ishe ni.

Lambobin sun fito ne daga lissafin da kowace ƙasa ke yi na kuɗin da ke gudana tsakaninta da waje. Shafi ɗaya na ciniki ne da aiken 'yan uwa daga ƙetare. Ɗayan na jari da bashi ne, kuma ragowarsa, bayan an cire fita daga shiga, ita ake ta yayatawa.

To, jama'a, bashi ma ai shigowa yake yi! A ce ɗan kasuwar Kure ya dawo gida da magariba aljihu taf. Uwargida mai hankali ba za ta fara guɗa ba sai ta ji daga ina: atamfa ya sayar, ko shagon ya jinginar? A wannan shafin babu cinikin atamfa ko ɗaya. Yawancin dalar da ta shigo ta nan, ko rance ce, ko wani baƙo ya sayi rabo a dukiyarmu.

Ga misali a ƙofar gidanmu. Madatsar Zungeru a kan kogin Kaduna, mai megawat 700, an fara aikinta a 2013, ta ci kusan dala biliyan 1.3, kuma kashi 75 cikin ɗari rance ne daga bankin Exim na China. A littafinmu kuɗin ya zama shiga, a nasu ya zama fita. Yanzu wa ke bin wa? Mai hoton WhatsApp ya ɗauki mai bin bashi ya mai da shi matsiyaci. Ban ce rancen laifi ba ne, bashi hanji ne, kuma wannan dai ga siminti ga ruwa ana gani da ido.

Wanda ba a gani shi ne abin tsoro. A Disambar 2024 gwamnati ta sayar da takardun bashi na dala biliyan 2.2 a kasuwar duniya, wani kason da ruwan da ya haura kashi 10. Ga kuma kuɗin da nake kira 'yan ci-rani, masu zuwa cin ruwa mai tsoka, kamar bayan da Babban Banki ya kai nasa kashi 27.5 a Nuwambar 2024. A 2020, da farashin mai ya faɗi, irinsu ne suka yi layi suna neman dala su gudu. 

Don Allah kafin ka danna turawa, tsaya. Tambayi wane tsari aka bi: tun 2009 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya koma tsarin da ragowa mai alamar ƙari ke nufin ƙasa ta ba wasu rance, alhali a tsohon tsarin nufinta kuɗi sun shigo. Mai haɗa hoto yakan kwaso ƙasa ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Duba ko shekara ɗaya ce. Auna lambar da girman tattalin arzikin ƙasar, don biliyan biyar a wurinmu kaya ne, a China kuɗin cefane. Sannan ka nemi a rarraba maka: nawa ne na masana'anta, nawa ne rance, nawa ne na 'yan ci-rani, yaushe za a biya, da wane kuɗi? Malamin nan na Tunga na yi masa tambayar ta ƙarshe, sai ya ce mai shayi ya ƙara masa madara.