Garmar tarakta: Gyaran rani ke ceton damina

A Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, damina kusan wata huɗu ce kacal, daga Yuni zuwa Satumba. Idan garmar tarakta ta lalace a ruwan shuka, manoman da ke jiran haya ne ke asara, domin gero ba ya jira.

Yawanci tun bayan huɗa matsalar ke farawa: a kwance garma a yasar a fili da laka a jiki, tsatsa ta ci faya-fayanta, yashi ya shige boris.

Maganin ba shi da tsada. A wanke ta, ta bushe, a ɗura giris, a ɗaure notuna, a shafe ta da baƙin mai, sannan a ɗora kan katako a rumfa. Abin da ya lalace a sauya tun Maris, kafin layi ya taru wajen bakanike.