Lu'ulu'u a Maƙera

Duk wanda ya taɓa ganin ana niƙa a kan dutse ya san dutsen niƙa ba ya dawwama da kaushinsa. In an daɗe ana aiki da shi, sai fuskarsa ta yi sumul, hatsi ya riƙa sulɓewa bai niƙu ba. Sa'an nan sai a ɗauko makoɗi a yi ta bubbuga dutsen har ya sāke yin kaushi. Makoɗi kuwa tilas ne ya fi dutsen tauri, in ba haka ba shi ne zai farfashe.

To, maƙeran zamani su ma suna da nasu dutsen, suna kuma da nasu makoɗin.

A dā maƙeran Zazzau da guduma da zuga-zugi da magagari suke aiki. Da jirgin ƙasa ya iso Zariya cikin 1911, sai Sabon Gari ya kafu kusa da tasha, masu aikin inji suka zauna a can. A Samaru kuma aka buɗe gonar gwaji cikin 1922, kāna aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962, inda ake koya wa ɗalibai aikin injiniya. A ɗakunan aikin ƙarfe na waɗannan wurare biyu akwai wani dutse mai kama da faifai, wanda inji ke juyawa da sauri ƙwarai. Da an kanga masa ƙarfe sai tartsatsi ya tashi. Da shi ake wasa kayan aiki, da shi ake gurje ƙarfe har ya zo daidai awo.

Ba daga tsauni aka saro wannan dutse ba, haɗa shi aka yi. Akan sami tsabar wani abu mai kama da yashi, amma ya fi yashi tauri nesa, a cuɗa da yumɓu, a gasa a wuta kamar tukunya. Kowace ƙwaya a jikinsa wuƙa ce 'yar mitsitsiya. Yau da gobe sai ƙwayoyin su dakushe, garin ƙarfe ya toshe ramukan da ke tsakaninsu, fuskar dutsen ta riƙa ƙyalli. Ƙyallin nan ba abin murna ba ne. Dutsen ya daina yanka ke nan, sai guga kurum, guga kuwa zafi take kawowa. Ƙarfen da ake wasawa ya yi shuɗi, bakinsa ya yi laushi, aiki ya ɓaci. Wani lokaci ma dutsen yakan ci ta gefe guda, ya daina zama kewayayye, inji ya kama kakkarwa. Wannan ya fi muni, gama dutsen da ke gudu da irin wannan sauri in ya tsage ya fashe, yana iya raunata mutum.

Me za a koɗa shi da shi, alhali ya fi ƙarfe tauri? Sai lu'ulu'u, watau daimon. Cikin 1812 wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya jera duwatsu bisa ga taurinsu, daga 1 zuwa 10. Lu'ulu'u ne ya hau na 10, ba dutsen da ke iya karce shi. Abin mamaki, asalinsa ɗaya da gawayin da maƙeri ke zugawa, sai dai shi a can ƙarƙashin ƙasa ya sha zafi da danniya mai tsanani.

Makoɗin maƙeran zamani ɗan sandan ƙarfe ne kamar yatsa, an dasa ƙwayar lu'ulu'u a bakinsa, wadda sau da yawa ba ta kai ƙwayar dawa ba. Ba irin na ado ba ne mai walƙiya, wannan dusu-dusu yake. Ma'aikaci yakan sa tabarau, ya ta da inji, ya kafa sandan a karkace kaɗan, wajen digiri 10 zuwa 15, bakinsa na bin inda dutsen ke juyawa. Sa'an nan ya ja shi a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Abin da yake ɗebewa a tafiya guda bai kai kaurin gashin kai ba. Haka zai yi ta yi har tsofaffin ƙwayoyi su zube, sababbi masu kaifi su fito, dutsen kuma ya koma kewayayye. Gaggawa ba ta da amfani a nan, domin lu'ulu'u duk da taurinsa bugu ɗaya na iya fasa shi, haka kuma in ya yi zafi aka kwara masa ruwan sanyi. Gwani yakan riƙa juya sandan lokaci lokaci don kada bakin ya cinye ta fuska ɗaya.

Ba kowane aiki ke bukatarsa ba. Mai wasa gatari ko fartanya wani abu mai haƙoran ƙarfe ya ishe shi. Amma mai gurzar sandar cikin injin mota, wadda in awonta ya kauce kaɗan injin zai lalace, ba shi da makawa sai lu'ulu'u. Da shi kuma ake fere bakin dutse ya ɗauki siffar da ake so, ko lanƙwasa ko kusurwa, ya bar wannan siffa a jikin ƙarfe.

Yaro mai tunani zai ce, don me ba a gurza ƙarfen da lu'ulu'un kai tsaye? Dalili shi ne baƙin ƙarfe in ya yi zafi shan lu'ulu'u yake yi, kamar yadda ruwa ke shan gishiri. Saboda haka aka raba aiki: lu'ulu'u ya gyara dutse, dutse ya gyara ƙarfe.

Ana haƙo lu'ulu'u a Afirka ta Kudu, da Kwango, da Saliyo, da Akwatia ta ƙasar Gana. Cikin 1954 masana a Amurka suka yi nasarar yin sa da inji, yau kuwa mafi yawan wanda ake aiki da shi a masana'antu na inji ne.