Tsadar Tumatir da Tukunyar da Ta Manta da Damina

A watan Yunin 2024, lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin ɗari, babu kukan da ya kai na tumatir tashi a gidaje. A gidan suna, a bakin kasuwa, a shirye-shiryen rediyo, maganar ɗaya ce: miya ta gagari talaka. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a daidai makonnin da ake wannan kuka, tafasa ta fara tofo a bayan gari, rama da lalo da yakuwa kuma suna hanyar shigowa kasuwa. Tumatir ne ya gagara, mu kuma mun riga mun ɗaure miya a jikinsa.

A ƙasar Hausa tumatir amfanin rani ne. Manoman Kadawa da Kura da ke shan ruwan madatsar Tiga, da na Danja da Hunƙuyi, da sanyin hunturu suke samunsa. Daga Janairu zuwa Maris kwanduna kan cika Kwanar Gafan da 'Yankaba har wani ya ruɓe a zubar. Da zafin bazara ya sauka furen ya zube, damina kuma ta zo da cututtukanta. Wannan ƙaranci na kowace shekara ne. Tsutsar da aka yi wa laƙabi da ebolar tumatir, wadda ta sa gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan amfanin a 2016, da cire tallafin mai a Mayun 2023 da ya ɗaga kuɗin ban ruwa da na mota, ƙara wa miki gishiri suka yi.

Asalin mikin a madafa yake. Iyayenmu mata da yanayi suke girki. Damina ta ganye ce: kwaɗon rama da na zogale da ƙuli-ƙuli, miyar lalo, ɗanyar kuɓewa, faten tsaki da yakuwa, dambu mai zogale. Kaka ta kawo kabewa da sabuwar gyaɗa, a yi taushe. Da rani ya yi, tumatir da tattasai suka faɗi, a ci a more, sannan a yanka ragowar a shanya a kan soro ta zama kauɗa. Kuka da karkashi da busasshiyar kuɓewa suna nan a ƙulle don ranar da babu ɗanye. Macen da ta san wannan lissafi ba ta jiran kasuwa ta yanke mata abin da za ta ɗora a watan Yuli.

Shinkafa da taliya ne suka fara karya lissafin. Da suka tashi daga abincin sallah da biki suka zama na kullum, sai suka taho da jar miya, ita kuwa jar miya ba ta san damina ba, tumatir take nema wata goma sha biyu. Daga nan kunya ta shigo. A gidaje da yawa na birni, a kai wa baƙo tuwo da miyar kuka ya zama kamar tallan talauci, kwaɗo kuma sai dai a saya a leda don marmari. Ga sauyin muhalli: amaryar da aka kai ɗaki da falo na haya ba ta da tsakar gidan shanya, ba ta da soro, uwar miji ko gwaggon da za ta ce mata "'yar nan, yanzu ne lokacin yanka kuɓewa" tana wata unguwar ko wani garin. Ilmin nan a gindin murhu ake koyonsa, kuma zaman gindin murhun ne ya watse.

Daddawa ma haka ta sha. Aikinta na kwanaki ne: a dafa kalwa ta yi laushi, a surfe, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu zuwa uku ta ruɓa, a kirɓa, a shanya. Dunƙulen magi kuwa ɓarewa kawai ake yi. Bambancin yana cikin abin da ke shiga jiki. Kalwa iri ce mai gina jiki, dunƙulen kuma mafi yawansa gishiri ne, ga shi ana jefa uku ko huɗu a tukunya sannan a ƙara gishirin kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya. Wanda ya taɓa raka mahaifiyarsa layin masu hawan jini a asibiti ba zai raina wannan adadi ba. Itacen ɗorawa da ke ba da kalwar shi ma yana ƙarewa a hannun masu gawayi, kuma da wuya mai gona ya kare itacen da 'ya'yansa suka rage daraja.

Akwai masu cewa wannan duk begen jiya ne, kuma ba za a ce ba su da hujja ko kaɗan ba. Malamar makaranta da ta dawo gida da la'asar ba ta da lokacin tsinke zogale, gas da gawayi sun yi tsada, kauɗar da aka shanya a gefen titi kuma takan zo da ƙasa da ƙura. Amma miyar kuka ta fi jar miya saurin nuna, ba ta buƙatar kai markaɗe inji ko doguwar suya. Maganin ƙura kuwa shanya mai tsabta ne a kan tabarma ko faranti, ba komawa ga tumatirin leda da uwargida ba ta san abin da aka haɗa a cikinsa ba.

'Yan kasuwa dai ba su saki lissafin iyayenmu ba. A watan Fabrairu, lokacin da manomi ke neman mai ɗaukar kwandonsa ko nawa ne, su ke saye su sa a yanka a shanya, su cika buhuna su jibge a sito. Idan ruwa ya zauna, ɗanye ya ɓace daga kasuwa, sai su fito da kauɗar, magidancin da ya wuce tulin tumatir da rani ya zo ya auna ta a gwangwani da tsada.