Abin Da Ke Sa Hoton Zuciya Tsada

Idan bugun zuciya ya rikice, magani ya gaza, likitoci kan zura siririyar waya ta jijiyar matsematsi har cikin zuciya, su ƙona inda matsalar take. Hoto na cikin abubuwan da ke ɗaga kuɗin aikin.

Tun kafin a fara, sau da yawa akan duba ko jini ya daskare a zuciyar, da na'urar CT ko wadda ake zurawa ta maƙoshi, domin gudan jini kan haura ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki. Wannan dubawar ba mai araha ba ce. Lokacin aikin kuma, na'urori irin su CARTO ke zana taswirar zuciyar, wayoyinsu galibi amfani ɗaya ake yi da su a jefar. A Najeriya kuwa, da dala ake shigo da su.